Yadda Za Ka Zama Gwanin Siririn Jirgi Ba Tare da Ka Tuƙa Shi Ba

Duk wanda ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, ina ba shi tabbacin zai tsufa ana kiransa gwanin siririn jirgin tsere, ko da bai taɓa tsallake kwata da shi ba. An gwada hanyar a ƙauyenmu, ta kuma yi aiki.

Wanda ya gwada ta shi ne Sankunni, wanda kowa ke kira Asan, wato babban malami. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsayawa a wutsiyar dogon jirginmu na tseren bikin girbi, mai cin mutum ɗari, yana juya shi da filafili guda kamar mai juya cokali a kofi. Gidansa na bakin tafkin Vembanad. Su uku ne a ciki: shi, da matarsa Janamma, da jikarsu Athira mai shekara goma sha biyu, wadda uwarta ke aikin jinya a ƙasar waje. Shinkafa ba ta yanke musu ba, kifi ma haka. Abin da suka rasa shi ne wanda ya iya hawa abin da uwar Athira ta aiko.

Yarinyar ta yi hutu guda a wani sansanin koyon tuƙi a birni, ta dawo ba ta da zance sai na siririn jirgi. Sai ga shi an sauke a ƙofar gida. Fari ne, dogo kamar an kwantar da bishiyar kwakwa, faɗinsa bai wuce tiren shayi ba. Filafilansa biyu, kujerarsa na zamewa a kan 'yan tayoyi, kuma da baya ake tuƙa shi, fuskarka na kallon inda ka baro. Da aka ɗora shi a ruwa Sankunni ya taɓa shi da yatsa, ya ga ya yi lilo kamar ganyen ayaba. Nan take jikinsa ya ba shi cewa ba zai iya ba. Shi kuwa ban da sunansa bai tara komai a duniya ba.

In kai ma haka ta same ka, kwantar da hankalinka, ka biyo ni a hankali.

Mataki na 1: Kada a ga mamaki a fuskarka

Mutane za su taru, kuma a cikinsu ba za a rasa wanda ya daɗe yana jiran ranarka ba. Na Sankunni shi ne Chandi mai shayi, wanda ya yi shekara ashirin yana tuƙi a ƙarƙashinsa yana shan zagi.

"Asan, wannan jirgi ne ko tsinken sakace?" in ji Chandi.

"Na ga irinsa tun ba ka fara aske gemu ba."

"Madalla. A ɗan hau mana mu kashe kwarkwatar ido."

"Ana hawan jirgi ranar da ya zo? Kai wa ya rene ka?"

Lura da kyau. Bai ce ya iya ba, bai ce bai iya ba. Tarbiyyar mai tambaya kawai ya tambaya. Yi haka, za ka samu kwana uku cur.

Mataki na 2: Nemo wa jirgin aibu

Duba shi a tsanake, hannuwanka a baya, kana ɗan tsaki. Sankunni bai sha wahala ba, don a cikin jirgin an kafe takalma biyu da kusoshi, inda matuƙi ke zura ƙafa.

"Takalmi!" Ya dafe ƙirji. "A cikin jirgin tsere! Mu da ko ministan gwamnati sai ya tuɓe nasa kafin ya taka namu?"

Tsofaffin da ke wurin suka girgiza kai, suka ce lallai duniya ta lalace. Ya sa aka kawo abin kwance kusa, ya cire takalman, ya jera su a bakin ƙofa tare da silifa na mutanen gida.

"Appuppa," in ji Athira, don haka take kiran kakanta, "da su ake janyo kujerar gaba."

"Kujerar da ba ta iya zama wuri ɗaya, ita ma za mu zo kanta."

Da yamma Athira ta kwashe takalman ta ɓoye a ƙarƙashin gadonta, kada kare ya tafi da su.

Mataki na 3: Yi masa hidimar da bai roƙa ba

Wanda ke hidima ba a ce masa rago. Kowa ya san dogon jirgi ba ya shiga ruwa sai an shafe shi da man kifi da gawayin ƙoƙon kwakwa da ƙwai, don katakon ya sha, ya yi santsi. Siririn jirgi ba katako ba ne, ba ya shan komai. Wannan kada ya dame ka. Kwaɓa, ka shafa.

Sankunni ya yi kwana biyu yana shafawa. Farin jirgi ya koma baƙi. A rana ta uku hankaki suka sauka, maguna suka biyo, tururuwa ta ja layi tun daga gindin mangwaro.

Janamma ta fito da ludayi a hannu. "Kai mutumin nan, ƙwai goma sha biyun da na ajiye fa?"

"Jirgi ya ci."

"Jirgi ya ci! To yau sai ka tambayi jirgi abin da za a zuba maka a kan shinkafa. Gida duk ƙarni, ko shanya ba ta yiwuwa."

Athira ce ta yi kwana huɗu tana wanke shi da sabulu da ɓawon kwakwa, tana share hawaye da gefen hannu. Kada tausayi ya karya maka lissafi. Ƙirga ka gani: mako guda ya tafi, ƙafarka ba ta jiƙe ba.

Mataki na 4: Jingina da sama

Kalandar da ke rataye a bango abokiyarka ce. Kowace rana akwai sa'a ɗaya da rabi ta Rahu, lokacin da ake camfawa, wadda mai hankali ba ya fara komai a cikinta. Ka tabbata duk lokacin da aka ce ka hau, ko ana cikinta, ko ta kusa, ko ba ta daɗe da wucewa ba har iska ba ta gama washewa ba. In an yi ruwa, ka ce ruwa. In ba a yi ba, ka kalli yamma ka ce yana tafe. A ƙasarmu ba za ka taɓa yin ƙarya ba.

Mataki na 5: Koyar daga tudu

Yaro mai naci sai an ba shi abin yi. Sankunni ya zaunar da Athira a kan benci a tsakar gida, ya ba ta sanda, ya ce ta yi ta tuƙa iska yana buga mata kiɗa da ƙafa.

"Appuppa, ba haka ake riƙewa ba. A sansani an ce filafili biyu ne, kuma ko me ya faru kada a saki."

"Su na sansanin, jirgi nawa suka kai gaci?"

"Ban sani ba. Yaushe za ka nuna mini a ruwa?"

"Sai kin ƙware a benci."

Wannan mataki yana da kyau, amma ina gargaɗinka da rumfar shayi. A can Sankunni ya yi sakaci. Yana cikin cin soyayyar ayaba Chandi ya ce, da ƙarfi yadda na bakin hanya za su ji:

"Ku ƙyale Asan, jama'a. Tsufa ba laifi ba ne. Ni ma gwiwata ta fara ƙara."

"Wa ya tsufa?"

"A'a, ni ban kama suna ba."

"Ranar Lahadi," in ji Sankunni, ya dire kofi. "In kun fito daga cocinku, ku zo mashigi. Ka zo da gwiwar taka."

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Kada ka taɓa ambaton rana. Wanda ya ambaci rana ya gama yawo.

Mataki na 6: In dole sai ka gwada, gwada ba kowa

Da so samu ne ka tsallake wannan. Amma na san halin ɗan Adam.

Ranar Asabar da tsakar rana, lokacin da kowa ya ci shinkafa ya miƙe, Sankunni ya ja jirgin zuwa bayan gida inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ya naɗe zanensa zuwa gwiwa. Ya tsaya yana kallon kujerar. Shekara sittin da bakwai bai taɓa juya wa inda za shi baya ba, kuma ba ya jin yau zai fara. Saboda haka ya zauna yana fuskantar goshin jirgin, yadda mutumin kirki ke zama. Filafili biyu kuma ya ga aikin masu haɗama ne, ya zare ɗaya ya jingina da bishiya, ya riƙe ɗayan da hannu bibbiyu.

Abin da bai sani ba shi ne, filafilan nan biyu da ke kwance a kan ruwa su ne ƙafafun jirgin.

Ya tura gaɓa da ƙafa. Kujera ta zame baya, ya bi ta. Ta dawo gaba, ya biyo ta. Ya ɗaga filafili zai kafa, sai sama ta koma ƙasa. Da ya ɗago kai, kainuwa na kan tsakar kansa, taɓo har kunne, ga garken agwagin wani makiyayi sun kewaye shi suna ta surutu kamar 'yan kwamiti.

Ya sake hawa. Ya sake faɗawa. A karo na uku bai ma kai ga zama ba.

Ya daɗe tsaye a cikin ruwan, hannunsa ɗaya a kan jirgin, yana numfashi. Can ya juya, sai ya ga Athira a kan dutsen wanki, da kwanukan da aka aike ta wankewa. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwano ta shigo ruwan, ta kama goshin jirgin, ya kama wutsiya, suka fito da shi.

"Ƙasansa nake dubawa," in ji shi, da suka ajiye.

"To, Appuppa."

Da Janamma ta ga zane a jiƙe ta buɗe baki, sai yarinyar ta riga ta: "Ni na watsa masa ruwan wanke-wanke, ban gan shi ba." Janamma ta dubi kainuwar da ke bayan kunnen mijinta, ta dubi jikarta, ta koma ta ɗora ruwan zafi.

Mataki na 7: Ranar da aka taru, tsaya cak

Lahadi mashigi ya cika. Chandi har da tulun shayi ya zo, wai kada jama'a su yi kallo da bushewar maƙogwaro. Sankunni ya fito da farin zane da laima, dabara duk ta ƙare masa. Ya tarar an mayar da takalman wurinsu, filafilai biyu a ɗaure.

"To, Asan, ga ruwa ga jirgi," in ji Chandi.

Sai Athira ta matso, ta taɓa ƙafafun kakanta yadda ɗalibi ke yi, ta ce da murya sarai, "Appuppa, ka ce ɗalibi ke fara hawa, malami ya duba. Na shirya." Ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji. "Ka tsaya a ƙarshen katakon mashigin nan, kada ka motsa. Ba na ganin gabana. Kai zan riƙa kallo in miƙe hanya."

A nan aikinka ɗaya ne: ka gyaɗa kai a hankali, kamar dama haka ka tsara.

Ta hau, ta yi tangaɗi, mata suka yi salati irin nasu, ta kwantar da filafilai a ruwa har jirgin ya natsu. Ta ja sau ɗaya, a karkace. Ta ja na biyu. A na goma jirgin ya miƙe ya shiga buɗaɗɗen tafki kamar an zare zare, idonta na kan tsohon da ke tsaye.

Shi kuwa yana ganin abin da ba ta gani. Can nesa jirgin fito ya wuce, kuma tun igiyar ruwansa ba ta taso ba ya san inda za ta bugo da lokacin da za ta iso. Ya manta da Chandi, ya manta da taro. Ya ɗaga laima ya karkata ta dama, ya kwarara muryar nan da mutum ɗari ke ji a cikin kiɗa:

"Juya goshi! Ba ta goshi, kada ta same ki a haƙarƙari! Yanzu!"

Ta juya. Igiya ta ɗaga ta, ta sauke, ta sake ɗagawa, ta wuce. Yarinya na nan zaune daram.

Mashigi ya kaure da ihu. Wani tsoho ya ce ai koyarwar benci ba wasa ba ce. Chandi ya tsiyaya shayi ya miƙa.

"Amma dai kai ba ka hau ba, Asan."

"Kai da na koya wa tuƙi shekara ashirin, ka taɓa ganin na zauna?"

Chandi ya sunkuya yana gyara tulun shayinsa. Jama'a suka yi masa dariya har da masu riƙe ciki. Daga ranar ba wanda ya sake cewa Sankunni ya hau.

Wanke hannu

Mai wannan rubutu tsohon malamin firamare ne, bai taɓa hawa abin da ya fi jirgin fito sauri ba. Ba ruwansa da mura, ko ciwon ƙugu, ko fushin uwargida, ko magen da ta tare a gidanka. Tabbacin da ya bayar kuma bai shafi gidan da babu yaro mai rufa asiri ba, kuma ko akwai shi, kada ka ɗauka ka ruɗe shi. Athira ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ta gani daga kan dutsen wanki ba. Ta gane cewa kakanta bai iya tuƙa jirgin ba, ba kuma zai taɓa iyawa ba, kuma in ba ya tsaye a bakin ruwa ita ma ba za ta yi nisa ba.