Haƙorin Da Ya Kusa Karya Mini Azumi

Ba zan taɓa mantawa da azumin da haƙorina ya tona mini asiri a ƙofar masallacin unguwarmu a Gummi ba.

Asalin abin tsakuwa ce cikin shinkafa. Na gartsa ta da haƙorin gaba, rabinsa ya tafi. Na rufe baki da rawani, na ce wa mutane zan je Sakkwato sayen littattafai (na sayo guda biyu kuwa, don kada maganar ta zama ƙarya zalla). Can wani likitan haƙori ya ɗora mini siririn marfi mai kama da tangaran, ya manne shi da gam irin nasu, ya haska masa wata shuɗiyar fitila har ya daskare. Ko ni da na duba madubi ban bambance na Allah da na likita ba. Ya gargaɗe ni cewa gam ɗin yana tsufa. Yau garau yake, amma da shekaru zai rine, ya dushe, ya nuna ta gefe, balle ga mai shayi da goro. Ya ce in riƙa komawa ana dubawa. Na rubuta maganarsa da ajami, na cusa takardar cikin gafaka, ban sake komawa ba.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma duk wanda ya yaba hasken haƙorana sai in gyara zama, in ce albarkar asuwaki ce kawai, ni ban taɓa buɗe wa likita baki ba. Shekara bakwai ina wannan wa'azi, Allah Ya yafe mini.

A azumin da nake ba ku labari, Liman ya ɗora mini karanta waƙoƙin wa'azi na ajami bayan la'asar, aikin da na daɗe ina so a zuci. Rana ta uku, hasken yamma ya faɗo mini a fuska, ina cikin jan baiti, sai na lura taubashina Garba masunci ya bar sauraro ya ƙura wa bakina ido. Ina tsayawa ya ce, yadda kowa zai ji:

"Malam, mi nika gani ja-ja ga haƙorin nan naka? Goro da rana tsaka?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na zaro asuwaki na goge. Garba ya ce yana nan. Na sake dirzawa har dasashi ya yi zafi. Ya ce yana nan daram. Wani ya miƙo mini waya na duba kaina: wani layi ruwan goro ya zagaye haƙorin, shi kansa ya dushe cikin 'yan'uwansa. (Daga baya maiɗakina ta ce ta fi shekara biyu tana ganinsa, ta dai ƙyale ni da asuwakina.)

Dariya ta fara mutuwa. Liman ya ce a hankali ba ya zargina, amma jama'a ba sa sauraron wa'azin wanda suke shakkar azuminsa. "Malam, fid da mu daga zato."

Na auna biyun: ko a ce na sha azumi da goro, ko a san shekara bakwai ina alfahari da kayan likita. Na laluba ƙasan gafaka, na zaro takardar nan da ta yi ja ita ma, na karanta musu gargaɗin likitan tun daga farko, da muryar da nake karanta wa'azi, don wata muryar ta ƙi fitowa.

Garba ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki. Da ya sami numfashi ya ce in taimaka in rubuta masa sunan bishiyar da ake saro wannan asuwaki a Sakkwato. Liman ya danne murmushi da gefen rawani, ya ce azumina lafiya lau, in ci gaba daga baitin da na tsaya. Baitin kuwa a kan riya yake.

Bayan ƙaramar salla na koma wurin likita, wannan karon ban ce littattafai zan sayo ba. Na gane cewa abin da aka manne yana da wa'adinsa, gam ne ko magana. Har yanzu ina yabon asuwaki, sai dai haƙora talatin da ɗaya kawai nake ba wa shaida.