Yadda Na Kai Surukina Marina

Shekarar da aka samu mulkin kai, surukina Malam Audu ya ce in raka shi birnin Kano. Wata biyu kawai na taɓa yi a can ina aikin masinja, amma a garinmu Kibiya har cewa nake ba lungun da ban sani ba.

Na zuba farar babbar rigata. Da muka sauka na ce, "Baba, Kurmi da Dala na baƙi ne, ga turmutsutsu. Zan kai ka inda sai ɗan gari."

Na bi da shi wani lungu har wata 'yar marina a gindin badala. Ina tafe da baya, ina fuskantarsa don ladabi, ina yi masa bayanin rini kamar kakana ne ya haƙa rijiyoyin. Sai na taka wani murfin kaba, ashe bakin rijiya ya rufe. Na zurma cikin shuni har ƙirji.

Marina biyu suka ciro ni. Babbansu ya dube ni ya ce, "Malam, ana tuɓe riga kafin a kawo ta."

Surukina bai yi dariya ba, ya dai ce, "Lallai baƙo ba zai gano wurin nan ba."

Sati biyu ina shuɗi. Yau jikoki gare ni, amma duk ranar kasuwar Kibiya sai wani ya miƙo mini farin ƙyalle ya ce, in zan shiga birni in saka a aljihu in rino masa.