Yadda Na Goge Jirgin Yaƙin Surukina

"Duk abin da ake yankawa a haɗa, ni ne ubansa!"

Haka na faɗa, da ƙarfi kuma, a tsakiyar falon surukina, har da dukan ƙirji. Ɗan'uwa, da bakin nan nawa yana da zif, da ranar na ja shi har ƙarshe na sa masa kwaɗo. Amma ina! Tela ne ni, kuma ka san mu, harshenmu ya fi allurar keke gudu.

Bari in faro maka daga tushe. Mahaifin matata tsohon sojan ruwa ne. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yau in yana tafiya sai ka rantse fareti ake yi. Tunda na auri 'yarsa bai taɓa ba ni ɗinkin ko hankici ba. Kayansa duka wurin Gajere yake kaiwa, wani tela da shagonsa ke kallon nawa, mutumin da in ya ɗinka maka wando sai ƙafa ɗaya ta riga ɗaya isa gida. Kuma Baba ba ya ko ɓoyewa. Sai ya biyo ta ƙofar shagona da ledarsa, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tsallaka titi ina kallo. Abin nan yana ci mini rai, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni da ake kira Sarkin Almakashi a layinmu! Ni na raɗa wa kaina sunan, amma ai ana faɗa.

To, ranar da nake ba ka labari mun je gaishe shi, muka tarar da shi da wani kwali a cinya. Yayan matata ne ya aiko masa daga ƙasar waje. A jikin kwalin an zana jirgin yaƙi yana tashi daga kan wani ƙaton jirgin ruwa. A ciki kuwa babu jirgi, sai gutsattsarin roba masu launin toka, a jere a jikin wasu sanduna kamar ƙashin kifi. Wai kai za ka cire su ɗaya bayan ɗaya ka haɗa.

"Irin wannan na gani da idona," in ji Baba, yana shafa hoton. "Lokacin da aka tura mu horo ƙasar waje. Yana sauka a kan jirginmu, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafarka." Idonsa har ƙyalli yake yi. Sai ya ɗaga hannunsa ya dube shi yana karkarwa, ya yi tsaki. "Ran Asabar abokan aikina na da za su zo. Na so su gan shi a cikin kabad ɗin can, kusa da lambobin yabona. Sai dai in nemi wanda ya iya."

A nan ne bakina ya tashi ba tare da ya shawarce ni ba, ya saki maganar da ka ji a farko. Matata ta mintsine ni a cinya. Na share.

"Baba," na ce, "mene ne fiffike? Ai hannun riga ne. Mene ne wutsiya? Bindin riga ne. Mutumin da ya haɗa kwat mai shafi, ɗan wannan abin wasan ne zai gagare shi?"

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. "To," ya ce. "In ka haɗa shi daidai, farin kakina yana son a rage masa ƙugu. Kai zan kawo wa."

Farin kaki! Mai maɓallan zinariya! Wanda Gajere da kansa sai ya wanke hannu kafin ya taɓa! A hanyar gida ban san ko ƙafata na taɓa ƙasa ba.

"Maigida," in ji matata, "ka taɓa haɗa irin wannan abin?"

"Kin taɓa ganin na kasa wani abu?"

"Famfon banɗaki."

"Wannan ruwa ne ya yi taurin kai."

Washegari na share teburin yanka, na zazzage kwalin. Maƙwabcina mai aski ya leƙo, kamar yadda ya saba in ba shi da kai a gabansa. Ya ɗauki wata doguwar takarda mai zane-zane da ta faɗo daga ciki.

"Sarki, ga fa takardar da ke nuna yadda ake yi."

"Takarda?" Na yi dariya. "Gajere ne ke aiki da takarda. Ni ido ɗaya nake yi wa mutum in san faɗin kafaɗarsa. Ajiye can, in ɗora kofin shayi."

Na ɗauko babban almakashina na hau cire gutsattsarin. Sai na lura da wani abin kunya. Kowane gutsure da wasu 'yan tsinaye a bakinsa, sun yi cirko-cirko. Ka ga, a sana'armu babu abin da ke tona asirin ragon tela kamar zare yana reto a bakin ɗinki. Maigidana da ya koya mini aiki, in ya ga ɗaya sai ya ja maka kunne. Na girgiza kai, na ce wa mai aski, "Dubi aikin kamfani. Sun iya yi, ba su iya gamawa ba." Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙyas, ƙyas, ƙyas, har sai da kowane baki ya yi sumul.

Da na zo haɗa ɓari biyu na gangar jikin, sai suka ƙi zama. In kama nan, can ya zame. In kama can, nan ya buɗe baki. Mai aski ya ɗauki ɓari ɗaya ya kai kusa da ido.

"Sarki, wannan gefen duk 'yan ramuka ne."

"To?"

"To, ina ga abin nan maɓalli ne da gidansa. Kai kuma ka yanke maɓallan."

Nan take na gane gaskiya ya faɗa. Amma ka taɓa ganin tela ya amsa laifi a gaban mutane? "Na sani," na ce. "Maɓalli na masu koyo ne. Gam ya fi ƙarfi."

Ɗan gam ɗin da ya zo a kwalin bai kai ya cika mini ido ba, don haka na sayo irin wanda masu gyaran takalmi ke amfani da shi, mai kamawa kafin ka ƙifta ido. Na kwarara shi yadda ake zuba mai a keke. Ya kama kuwa. Ya kama jirgin, ya kama babban yatsana, ya kama wani ƙyallen atamfa da ke kan tebur. Daidai nan wani dattijo ya shigo awon riga, ya miƙo hannu mu gaisa, na miƙa masa jirgin yaƙi. Sai da mai aski ya sa reza ya raba ni da shi, yana dariya har da hawaye, ɗan banzan.

Akwai wani ɗan mitsitsin matuƙi, bai fi ƙwayar wake ba. Na zaunar da shi a kujerarsa, na rufe shi da murfinsa mai kama da gilashi, na bi gefen da gam. Kafin in juya, gilashin ya yi fari fat kamar idon mai yanar ido. Fukafukan kuwa, tunda babu abin da zai riƙe su, ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa. Na ɗaure su da zare, na soka allurai. A wutsiya na ga wata 'yar ƙugiya, na ce madalla, ko banza sun tuna da wurin ratayewa. Na rataye shi a jikin ƙarfen kaya, tsakanin wandon wani ɗan makaranta da rigar amarya, ya bushe.

Da yamma matata ta biyo da kwanon abinci. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Maigida, wannan jirgi ne ko jemage?"

"Ba a ganin kyan ɗinki sai an gama."

Baba ma ya biyo, bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya tsaya. Na yi wuf na tare ƙofar da jikina.

"Yaya aikinmu?"

"Saura kaɗan, Baba. Gobe."

Ya gyaɗa kai ya wuce. Shi soja ne, a wurinsu gobe tana nufin gobe. Bai san goben tela ba.

Ran Asabar da safe abu ɗaya ya rage, wato tamburan da ake mannawa a fukafukai. Suna jikin wata 'yar takarda mai shuɗi-shuɗi, taurari da lambobi, kyawawa. Na sa farce in ɓare, suka ƙi. Na sa bakin allura, suka ƙi. Mai aski ya zaro doguwar takardar nan daga ƙarƙashin kofina, duk ta sha shayi.

"Sarki, a nan an zana kwano da ruwa a ciki."

"Ai dole," na ce. "Suna gaya maka jirgin sojan ruwa ne. Kai dai tsaya a kan gashi."

Don ni na riga na gane su. Irin bajon nan ne da muke mannawa a aljihun rigar 'yan makaranta. Ba a ɗinka shi, ba a sa masa gam. Zafi yake so. Na jona dutsen guga.

Kada ka ce na yi garaje. Na bi ƙa'idar aiki. Na kwantar da fiffiken a kan teburin guga, na ɗora tambarin, na shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kai yadda ake yi wa yadi mai tsada. Sannan na danna, na ba shi nauyin kafaɗata.

Warin ne ya fara gaya mini. Da na ɗaga dutsen, ƙyallen ya taso, fiffiken ya biyo shi, yana miƙewa kamar cingam. Abin da ya rage a jikin jirgin ya baje ya yi faɗi, da hoton dutsen guga a kansa raɗau, har da 'yan ramukan da tururi ke fita.

Mai aski ya kama bakinsa da hannu biyu.

Na tsaya na dubi jirgin. Fiffike ɗaya lafiyayye, ɗaya malalacce. To, ka san dokar sana'armu: in hannun riga ɗaya ya gajarce, ba ka kuka, sai ka rage ɗayan su zo daidai, ka ce wa mai kaya sabon yayi ne.

"Sarki, don Allah kada..."

Na goge ɗayan.

Da muka isa gidan Baba ni da matata, falon ya cika da tsofaffin sojoji, kowa zaune a miƙe kamar ya haɗiye sanda. Baba ya riga ya share wuri a cikin kabad, kusa da lambobinsa. A gefen kujerarsa ga leda, ina hango farin kaki a ciki, da maɓalli ɗaya yana ƙyalli. Har ya shirya ba ni, bawan Allah.

"Ga surukin nawa," ya ce musu. "Shi ya haɗa mini."

Na durƙusa na ajiye ƙunshin a kan tebur. Ya buɗe da kansa.

Na ga ƙyallin nan na idon Baba ya dushe a hankali, kuma wallahi wannan ya fi mini zafi a kan duk zagin da zai iya yi. Na so ƙasa ta buɗe in shige da almakashina.

Can wani tsoho mai farin gashin baki ya matso, ya sa tabarau, ya zagaya teburin.

"A wane yaƙi aka harbo shi?"

"Ba harbi ba ne," in ji na kusa da shi. "Wuta ce. Dubi fukafukan."

"Matuƙin ya samu fita?"

Baba ya ɗaga jirgin, ya kai farin gilashin kusa da taga, ya daɗe yana leƙe. "Yana ciki," ya ce.

Sai mai gashin bakin ya cire hularsa. Tsofaffin nan suka miƙe gaba ɗaya, har da mai sanda, suka ƙame, suka sara wa jirgin. Ni ina durƙushe a tsakiyarsu. Wanda ya fara fashewa da dariya Baba ne, kuma sai da aka kawo masa ruwa.

"Na yi aiki da manyan bindigogi," ya ce yana share hawaye, "ban taɓa ganin wanda ya kakkaɓo jirgin yaƙi da dutsen guga ba. Da kana cikinmu, da ba mu sayi harsashi ba."

Ran Litinin ya biyo ta ƙofar shagona da ledar nan. Na gaishe shi, ya amsa, ya tsallaka titi. Gajere ya fito ya karɓa da hannu biyu, ya ɗago mini hannu, munafukin.

Na kwana biyu ba na cin abinci sosai. Sai ga matata ta shigo shago wata rana da ɗan ƙunshi, tana ta murmushi.

"Albishirinka. Baba ya aiko maka da ɗinki."

Na miƙe har kujera ta faɗi. "Ni? Da bakinsa ya ce ni?"

"Kai. Ya ce Gajere ba zai iya wannan ba, kai ka san awon mai shi."

Na leƙa waje don in tabbatar Gajere yana kallo, sannan na kwance ƙunshin a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Farin alawayyo ne, bai fi tafin hannu biyu ba.

"Wannan fa? Hula?"

"Likkafani," ta ce. "Na jirgin. Ya ce tunda kai ka kashe, kai za ka suturta." Ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo. "Af, na kusa mantawa. Ya ce in ka gama, don girman Allah, kada ka goge."