Bututun Hayaƙi a Bikin Yaya Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da bikin Yaya Hadiza ba, don ranar ce unguwarmu a Daura ta fara jin muryata.

Ina aji biyar na sakandare, ba ni da aboki sai littafi (gaisuwata ma sai an matso ake ji). Na karanta cewa hayaƙin itace a rufaffen ɗaki yana cin huhu, har yakan kashe mutum. Ga Inna kullum tana tari a madafa. Biki kuma ya faɗo cikin damina, dole a yi girki a ciki. Na ce zan yi wa murhun bututun hayaƙi.

Ƙa'idojin na haddace su: bututu ya miƙe tsaye, ya zarce rufin ɗaki, kada ya taɓa azara, kada a toshe bakinsa. Na zana, na auna sau uku, maƙerin kwano ya naɗe mini. Saura hawa sama.

A nan aka samu matsala. A unguwarmu namiji ba ya hawa rufi sai ya ɗaga murya ya sanar da maƙwabta, don matan gida su kimtsa. A shekarun nan da aka fara Shari'a kuwa ba a wasa da wannan. Na tsaya gindin tsani na buɗe baki, ko iska ba ta fito ba. Sai na huda bango, na fitar da bututun a kwance, na gaya wa kaina ai duk waje ne.

Ranar wuni aka hura murhu da itacen da ya sha ruwa. Rabin hayaƙin ya dawo wa masu tuƙa tuwo, rabin ya bi tagar ɗakin da ake turara kayan amarya. Mata suka fito suna tari, Yaya Hadiza na kuka wai leshinta na warin kifi banda.

Goggo Ladi, ƙanwar Baba da ta zo daga Sandamu, ta tambayi wanda ya yi aikin. Aka nuna ni. Na fara bayanin yadda iska mai zafi ke tashi sama.

"To Malam Injiniya," in ji ta, "tunda ka san sama take zuwa, me ya hana ka kai ta?"

Na faɗi gaskiya: kunyar ɗaga murya ce ta hana ni hawa. Har Inna sai da ta riƙe ciki don dariya.

Goggo ta jingina tsanin da kanta, ta ce ba a sake hura wuta sai na gyara. A gaban mata cike da tsakar gida na ce, "A gafara, za a hau sama."

"Ƙara," in ji Goggo. "Ko kazar maƙwabta ba ta ji ba."

Sau huɗu na faɗa. Na huɗun har daga bakin masallaci aka amsa.

Bututun ya miƙe, hayaƙi ya bi hanyarsa, tarin Inna ya ragu. Tun ranar, duk aikin da zan yi, nakan fara duba ko akwai ihu a cikinsa, in gama da shi tun babu baƙi.