Yadda Ake Raba Gwangwani Ɗaya Tsakanin 'Ya'ya Biyu

Kai uban yara, bi matakan nan, faɗa zai ƙare a gidanka, babu shakka. Mai ba ka shawarar, Muntaka na Aujara, ya gwada su da kansa a shekarar da aka tilasta masa ɗaukar kayan wani Bature zuwa Dutse, aka sallame shi da gwangwanin madara mai ƙyalli, ba komai a ciki.

1. Shiga gida da tsaraba ɗaya.
Ɗaga ta sama kowa ya gani. Muntaka bai sauke hannu ba sai da 'yarsa Rakiya da ƙanwarta Lauratu suka cafki kitson juna.

2. Yi wa babba wa'azi.
Ce mata ita ce babba, ta haƙura. Rakiya ta tambaye shi yaushe za ta gama zama babba. Kada ka amsa. Uba mai hikima tari yake yi a irin wannan wuri.

3. Sa su yi karɓa-karɓa.
Yau na wannan, gobe na waccan. Ranar da gwangwanin zai bar hannun Lauratu, sai ta binne shi a turken akuya, ta rantse kura ce ta ɗauke.

4. Ƙwace, don zaman lafiya.
Muntaka ya tono shi, ya wanke, ya zuba goronsa ciki, ya riƙa fita da shi dandali. Tarbiyya ke nan.

5. Ɓoye wa yayanka.
A nan gwanin naku ya yi sake. Wansa, Yaya Zailani, ya ga gwangwanin, ya jujjuya, ya zura a aljihu. Muntaka, da furfurarsa, ya kai ƙara wurin mahaifiyarsu.

"Kai ma dai, Muntaka," in ji Inna, ba ta ko ɗago daga kaɗin audugarta ba. "Wanka ne, bar masa."

Ya ce ai tun suna yara Zailani take so. Ta ce ya matsa, ya tare mata haske.

6. Yi fushi inda yara za su gan ka.
Ya koma bayan rumbu ya zauna, ya ƙi tuwo. Can sai ga Rakiya da Lauratu sun tallabo akushi tare, kowacce da gefenta. Suka zauna suka sa shi tsakiya.

"Baba, ci ka ji," in ji Lauratu. "Mu ma mun san yadda abin yake."

Ya ci. Tun ran nan ba su sake faɗa kan gwangwani ba.

Jan kunne: mai shawara ba ya ɗaukar alhakin kitson da aka tuge ko girman da ya zube. Mai ƙorafi ya zo da kansa, kada ya aiko ta hannun Yaya Zailani, don har yanzu shi da Muntaka ba sa magana.