Layin da Sixten Ya Bi da Surukarsa

"Ni fa ko an ɗaure min ido, sai in zaga Stockholm in dawo kofina bai huce ba!"

Maƙwabcina Sixten ke nan, Sarkin Cika Baki, mutumin da ko hanyar kantin unguwa sai ya duba waya. Solveig yake so ya aura, ita kuwa ba ta ƙetare maganar uwarta, Inna Gunhild. Da tsohuwar ta sauko daga ƙauyensu na arewa don ta ga kalar surukin, gogan naka ya ce shi zai nuna mata gari.

A unguwar Södermalm sau uku suna wuce gidan burodi ɗaya.

"Ɗan nan, ba mun wuce nan ɗazu ba?"

"Haba Inna, rassa ne da su!"

A lambun shaƙatawa ya ce agwagin wurin duk sun san shi. Sun kuwa san shi, don har bakin ruwa suka rako shi da gudu, suka ƙwace burodin kirfar da ya sayo wa Inna.

Sai ya ce bari ya wanke kansa, ya hau da ita hasumiyar wani tsohon gini ta ga garin gaba ɗaya. Ka san halinmu a nan Stockholm: in muka ga layi sai mu bi, kuma gara mutum ya kwana a tsaye da ya tambayi baƙo. Suka tarar da layi, mutane biyu-biyu, an ci ado, ga furanni a hannu, suka bi.

"Inna, kin ga mutanen birni? Ko hawa bene sai da furanni."

Layi ya kai su wani ɗaki, ga jami'i riƙe da littafi. Ya dubi Sixten, ya dubi tsohuwa mai shekara saba'in, ya yi gyaran murya.

"Kun tabbata kun yi shawara?"

"Wace shawara? Yallaɓai, kusan duk wata sai na kawo mace nan. Kai dai yi sauri, ƙafarta na ciwo."

"Malam, nan fa ɗakin ɗaurin aure ne."

Wallahi har na ji tausayinsa. Gumi ya karyo masa.

Inna Gunhild ta gyara jakarta, ta ce wa jami'in, "Rufe littafinka, ɗana. Ni na ƙi shi, kuma amsar 'yata ma ke nan, kada a wahalar da kai wata mai zuwa."