Mai Kiwon Ƙwaya a Kankiya

"...da gajiyar hanya, ɗan nema?"

"Gajiya ta bi lafiya. Kai dai ina gajiyar baki, tsoho?"

Malam Dawuda ya kasa haɗa ido da jikan nasa da isowarsa ke nan, ya sunkuyar da kai yana tsintar abin da babu a kan tabarma. Kwana uku ke nan bai leƙa majalisa ba. Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci a Kusada, daɗin hira ya ɗebe shi ya ce jikansa Kamilu ya yi nisa a harkar ƙwaya can Kankiya, har kiwonsu yake yi. Shi dai alfahari ya yi da karatun yaron. Kafin la'asar magana ta isa garin Ƙofa, kunnen Malam Lawal, mahaifin Shamsiyyar da ake shirin sa musu rana ita da Kamilu. Washegari aka aiko cewa a dakata, ba za a ba ɗan ƙwaya 'ya ba. Kunya kuwa ta hana tsohon nan ko cin goro, amma ya amsa laifi gaban jika? Ina!

"Bakina lahiya lau. Ba kai ka ce mani ƙwaya kake kiwo ba?"

"Ƙwayoyin cuta na ce! Ina ka baro rabin maganar?"

"Ta yi mani nauyi, na aje ta hanya. Mutum da hankalinshi ya bar awaki ya kama kiwon cuta, in ba ka sha wani abu ba mi ya kai ka?"

"Karatun gwaje-gwajen asibiti ke nan. Faranti ake zuba wa abincinsu, a shafa ruwan rijiya ko bayan gidan marar lafiya, a aje wuri mai ɗumi. Kwana ɗaya sun tsiro, sai a gane wadda ke kawo taifot ko amai da gudawa, a san maganin da zai kashe ta."

"To kawo guda in gani."

"Ido bai ganinsu, sai an sa madubin asibiti. Balle naka da ke gaida turmi da dare ya yi."

"Garken da ba a gani! Da shi za ka riƙe ɗiyar mutane?"

"Garkena ya fi naka albarka. Guda takan rabe biyu cikin minti ishirin. Tunkiyarka shekara nawa tana cin dusa a banza? Kuma nonon da kake dama fura da shi kullum, su suka sa ya yi tsami. Ka fi kowa shan ƙwaya a gidan nan."

"A'uzubillahi! Ni?"

"Kai. Da ludayi ma."

Tsoho ya buɗe baki zai rama, sai ya lura dariyar Kamilu a leɓe ta tsaya. Idanun yaron sun yi ja, ya rame, hular ma a karkace take. Nan ya ji duk ƙarfin bakinsa ya zube.

"Shamsiyya ta daina ɗaukar wayarka?"

"Tun Asabar."

Malam Dawuda ya dubi takalmansa a bakin tabarma. Shekara saba'in da ɗoriya bai taɓa zuwa ƙofar wani ya ce ya yi ɓaranɓarama ba, ga shi Lawal ɗin nan a gabansa aka haife shi. Ya jawo takalmansa.

"Maimaita mani. Faranti, sai mi?"

"Abinci, ɗumi, madubi."

"Madubi, ɗumi... Tada mashin ɗinka mu tahi Ƙofa. Ka tsaya waje, kada ka ga kakanka durƙushe."

"In ya ce ina shaida fa?"

Tsoho ya dafa kafaɗarsa ya miƙe, dariya ta ƙwace masa duk da kunyar.

"Sai in buɗe mashi bakina ya leƙa. Ƙwayar cutar da ta kama aurenka cikin bakin nan take zaune, kuma wannan ba ta buƙatar madubi."